Martani ga Tuhumar da Aka Yi wa Masu Zane a Munich, 1937

Ranar 19 ga Yuli, 1937, aka buɗe wani baje koli a birnin Munich na ƙasar Jamus, wanda an shirya shi ne musamman don a ci mutuncin abin da aka baje. 'Yan Nazi sun sa masa suna Gurɓataccen Zane. Adolf Ziegler, shugaban hukumar gwamnati mai kula da masu zane da masu sassaƙa, shi ya jagoranci kwaso ayyuka kimanin 650 na mutum 112 daga gidajen adana zane-zane 32. Aka cusa su cikin ƙuntatattun ɗakuna na wata tsohuwar cibiyar nazarin kayan tarihi, wannan a kan wancan, wasu a karkace, wasu an ɓalle musu katakon da ke kewaye da su, sannan aka bi bango da rubutun zagi. Ana gobe za a buɗe, Hitila da kansa ya ƙaddamar da wani baje kolin daban a wani sabon katafaren gini da ke nan kusa, inda aka jera irin zanen da gwamnati ta amince da shi: manoma masu ƙoshin lafiya, iyaye mata rungume da jarirai, samari majiya ƙarfi, da hotunan shi kansa shugaban.

Shari'a ce aka yi wadda ba a bar wanda ake tuhuma ya buɗe baki ba. Tun 1933, duk mai son yin sana'ar zane a Jamus sai ya shiga hukumar al'adu da ke hannun Joseph Goebbels, ministan farfaganda, wanda aka ƙi karɓa kuwa ba shi da izinin nunawa balle sayarwa. A watan Nuwamba na 1936 Goebbels ya haramta wa jaridu yin sharhi ko suka a kan zane. Saboda haka ranar da aka buɗe ƙofa babu jaridar da za ta iya cewa uffan. Waɗanda aka tuhuma duk sun rigaya gidan gaskiya, amma tuhumar tana nan da ranta. Har a cikinmu nakan ji mai ilimi ya ce Hitila dai azzalumi ne, amma a kan wannan zanen banza na zamani gaskiya ya faɗa. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tun da wuri bari in cire wani ruɗani. Ba hukuncin zana abu mai rai nake tattaunawa ba. Wannan fagen malamai ne, kuma sun yi bayani a kai. 'Yan Nazi ba su taɓa damuwa da wannan ba, don sun cika filayen biranensu da mutum-mutumi. Abin da nake amsawa shi ne laifuffukan da suka jingina wa waɗannan bayin Allah, a ga ko gaskiya ne ko ƙage.

Zargin da suka fi nanatawa shi ne hauka. A jawabinsa na ranar 18 ga Yuli, Hitila ya yi magana a kan masu zana ciyawa shuɗiya da sararin sama kore, ya ce ɗayan biyu ne: ko idonsu ne ke da lahani, sai ma'aikatar cikin gida ta duba yadda za a hana lahanin yaɗuwa ga zuriya, ko kuma suna gani daidai suna yaudarar jama'a ne, sai kotu ta ji da su. Amsar wannan tana cikin tarihin mutanen. Otto Dix farfesa ne a makarantar koyon zane ta Dresden, ya kuma ƙware a salon magabatan Jamus na ƙarni na 16, salon da ke bin silin gashi da jijiyar bayan hannu. Max Beckmann yana koyarwa a Frankfurt. Paul Klee ya shekara goma yana koyarwa a makarantar Bauhaus kafin ya koma Düsseldorf. Kandinsky ya karanta shari'a da tattalin arziki a Jami'ar Mosko kafin ya kama buroshi, ya kuma rubuta littattafai a kan launi da layi. Duk wanda ya ga aikinsu na ƙuruciya ya san sun iya fitar da doki doki, mutum mutum. Da Franz Marc ya zana dawaki shuɗɗa yana sane ya yi, don a wurinsa kowane launi na ɗauke da ma'ana, shuɗi kuwa na ruhi ne. Tun da kyamara ta fito a ƙarni na 19, kwaikwayon kamannin abu ya daina zama babban aikin mai zane, sai wasunsu suka koma neman hanyar nuna abin da kyamara ba ta kamawa, irin su fargaba da baƙin ciki da hayaniyar birni. Mutum na da damar ya ce abin bai burge shi ba. Ni ma ba duka ne ke shiga raina ba. Amma tsakanin a ce abu bai burge ni ba da a ce a hana mai shi haihuwa akwai tazara mai nisa.

Kuma maganar ba a baki ta tsaya ba. Dokar tilasta hana haihuwa ga waɗanda aka ce suna da cutar gado ta fito tun Yulin 1933, an kuma yi wa mutum kimanin 400,000 wannan aiki. Da baje kolin ya koma Berlin a 1938, sai aka ƙara masa zanen majinyatan asibitin ƙwaƙwalwa, waɗanda aka ɗebo daga tarin da likita Hans Prinzhorn ya haɗa a Heidelberg, aka rataye su kafaɗa da kafaɗa da na farfesoshi don mai kallo ya yi dariya. Shekara biyu bayan nan aka fara kashe irin waɗannan majinyata da iskar gas, kuma daga farkon 1940 zuwa Agustan 1941 an hallaka sama da 70,000. Cikinsu akwai Franz Karl Bühler, gwanin maƙeri wanda zanensa ke cikin tarin Prinzhorn, aka kashe shi a Grafeneck. Akwai Elfriede Lohse-Wächtler, mai zane 'yar Dresden da ta kamu da ciwon ƙwaƙwalwa. An yi mata aikin hana haihuwa na dole a 1935, an ƙwace zanenta a 1937, an kashe ta a Pirna-Sonnenstein a ƙarshen Yulin 1940 tana da shekara 40. Mai maimaita zargin hauka a yau ya kamata ya san inda zargin ya kai mutane.

Zargi na biyu shi nake ganin asalin rigimar, sauran duk rakiya suka yi masa. Sun ce waɗannan masu zane sun ci mutuncin sojan Jamus da ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma zanensu zagon ƙasa ne ga tsaron ƙasa. Wannan tambari suka liƙa wa ayyukan Dix guda biyu. Ɗaya shi ne Guragun Yaƙi na 1920, tsofaffin sojoji huɗu a jere a kan titi, wani babu ƙafa, wani da ƙarfe a madadin muƙamuƙi. Ɗayan kuma Ramin Daga, wanda ya gama a 1923, ramin soja bayan ruwan bama-bamai, gawa a kan gawa.

To wane ne Dix ɗin? Shi ya kai kansa soja a 1914 yana ɗan shekara 22. Aka ba shi babbar bindiga mai ɓarin harsashi, ya yi yaƙi a Faransa har da gumurzun Somme na 1916, aka tura shi fagen Rasha, ya sake dawowa yamma, ya ji rauni a wuya, aka saƙala masa lambar Gicciyen Ƙarfe. Shekara uku cur yana cikin ramin da ya zana. Beckmann ma'aikacin jinya ne a Beljiyam, yana ɗaukar masu rauni har sai da ƙwaƙwalwarsa ta gaza a 1915. Ernst Ludwig Kirchner shi ma ya sa kaki ya fito da ciwon da bai rabu da shi ba, kuma bayan an ƙwace ayyukansa sama da 600 ya kashe kansa a Davos a Yunin 1938. August Macke ya faɗi a Faransa a Satumban 1914 yana da shekara 27. Franz Marc, mai shuɗɗan dawakin nan, an kashe shi kusa da Verdun ranar 4 ga Maris, 1916. Da ƙungiyar hafsoshin Jamus ta ji cewa an rataye zanensa Hasumiyar Shuɗɗan Dawaki a ɗakin tozarci, sai ta rubuta ƙorafi: ta yaya hafsan da ya mutu don ƙasa zai zama mai cin mutuncin soja? Ba su da amsa, sai suka sauke zanen. Hermann Göring, ɗaya daga cikin jiga-jigan 'yan Nazi, ya ɗauke shi ya kai cikin kayansa, kuma tun 1945 ba a sake sanin inda yake ba.

Käthe Kollwitz ba ta je daga ba, ɗanta ta bayar. Peter ya mutu a Beljiyam a Oktoban 1914 yana ɗan shekara 18, kuma sai a 1932 ta gama sassaƙa uwa da uba durƙushe, waɗanda yanzu suke maƙabartar sojojin Jamus ta Vladslo inda aka binne shi. Wannan matar aka tilasta wa barin babbar majalisar masu fasaha ta Prussia a 1933. Ernst Barlach ya ƙera wani mala'ika na tagulla da aka rataye a cocin Güstrow don tunawa da mamatan yaƙi, ya ba shi fuskar Kollwitz. An sauke shi a 1937, daga baya aka narkar da shi aka shigar da ƙarfen cikin kayan yaƙi. Jikan Kollwitz, wanda aka sa wa sunan Peter, ya mutu a Rasha a 1942.

Hitila ma ya je yaƙin farko, ɗan aike ne a rundunarsu, ya kuma ji rauni. Ban ƙwace masa wannan ba. Ke nan ya ga abin da Dix ya gani, ya san babu ƙarya a zanen. Jamus ta rasa soja kimanin miliyan 2, sama da miliyan 4 sun ji rauni, kuma a shekarun 1920 ba sai mutum ya shiga gidan adana zane zai ga gurgun soja yana sayar da ashana a bakin titi ba. To me ya kawo zafin? A duba kwanakin. A Maris na 1935 Hitila ya dawo da aikin soja na dole, ya take yarjejeniyar Versailles. A Maris na 1936 ya shigar da soja yankin Rhineland. Ranar 5 ga Nuwamba, 1937, baje kolin Munich na nan a buɗe, ya tara manyan hafsoshinsa a Berlin ya bayyana musu niyyarsa ta faɗaɗa ƙasa da ƙarfin bindiga, ya ambaci Ostiriya da Czechoslovakia. Gwamnatin da ke son miliyoyin samari su sa kaki ba za ta bari su ƙura ido ga yadda iyayensu suka dawo daga na farko ba. Shi ya sa mutum-mutumin Arno Breker, gwanin sassaƙa na fada, suke da jiki cikakke ba tabo ba rauni, riƙe da takobi da tocila. Laifin Dix shi ne ya ba da shaida a kan abin da za a sake yi. An kore shi daga aiki tun 1933, ya koma gefen tafkin Konstanz yana zana duwatsu da gonaki, kuma a 1945, yana da shekara 53, aka sake sa masa kaki cikin rundunar tsofaffi da yara, Faransawa suka kama shi.

Wata uku kafin buɗe baje kolin, ranar Litinin 26 ga Afrilu, jiragen yaƙin Jamus na rundunar Condor tare da na Italiya sun yi wa garin Gernika da ke yankin Basque na Sifaniya ruwan bama-bamai don taimakon Janar Franco. Ranar kasuwa ce. Ɓangaren Franco ya musanta, ya ce mutanen garin ne suka cinna wa garinsu wuta. Picasso ya amsa da zane mai faɗin kusan mita 8, baƙi da fari da toka, doki na haniniyar mutuwa, uwa riƙe da gawar ɗanta. A watan Yulin da ake zagin karyayyun jikkuna a bangon Munich, wannan zane na rataye a rumfar Sifaniya a bikin baje kolin duniya na Paris, yana nuna wanda ke karya jikin da gaske.

Sun kuma ce duk wannan makircin Yahudawa ne da 'yan kwaminisanci don rusa al'adun Jamus. Cikin mutum 112 da aka baje, shida ne kacal Yahudawa. Na kawo wannan adadi don ya nuna ƙaryar, amma ina tsoron kada a ɗauka cewa da sun fi haka da zargin ya tabbata. Ko da dukkansu Yahudawa ne babu laifi a ciki. Otto Freundlich, wanda aka sa hoton sassaƙarsa a bangon littafin jagoran baje kolin, an kama shi a Faransa aka kashe shi a sansanin kisa a Polan a 1943. Felix Nussbaum, ɗan Osnabrück da ya zana kansa riƙe da katin shaidar Bayahude yana ɓoye a Brussels, an kashe shi a Auschwitz a 1944. Max Liebermann, wanda salonsa ba ma irin wanda suke zagi ba ne, ya ajiye muƙaminsa na girmamawa a majalisar Prussia a 1933, ya rasu a 1935, matarsa Martha kuma ta sha guba a 1943 da aka zo tafiya da ita. Waɗannan su ne ake cewa suna juya Jamus.

Batun kwaminisanci ya fi rauni. Gaskiya ne George Grosz da wasu sun taɓa shiga jam'iyyar kwaminis. Amma a daidai wannan lokaci, a Tarayyar Sobiyet, Stalin na murƙushe irin wannan zane. Tun 1934 aka kafa salo guda na dole, mai nuna ma'aikaci da manomi cikin fara'a da ƙarfi, wanda in ka jera shi da na Munich da wuya ka bambanta su in ba ta tuta ba. Kandinsky ya bar Rasha tun 1921. A Italiya kuwa, inda fasisanci ya fara, Marinetti da mabiyansa masu sabon salo suna cikin magoya bayan Musolini. Marinetti ya yabi yaƙi tun a sanarwarsa ta 1909, har ya sa kaki ya tafi mamayar Habasha a 1935. Salon da ke kwaminisanci a Munich, ya zama laifi a Mosko, ya zama kishin ƙasa a Rum, ba shi ne ke ɗauke da aƙidar ba.

A nan dole in faɗi abin da ba ya yi wa waɗanda nake karewa daɗi. Wanda aka fi ƙwace wa aiki, sama da 1,000, shi ne Emil Nolde, kuma Nolde ɗan Nazi ne na zuci, mai ƙin Yahudawa a fili. Ya shiga reshen jam'iyyar a 1934, ya yi ta roƙon a gane cewa zanensa shi ne na Jamus tsantsa, har Goebbels ya taɓa son aikinsa kafin ya ga fuskar maigidansa. An hana shi sana'a a 1941 bai bar aƙidar ba. Bayan yaƙi aka maishe shi gwarzon da aka zalunta, sai da bincike ya tona asirin, har shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta sauke zanensa biyu daga ofishinta a 2019. Ba na wanke Nolde. Amma zamansa a cikin jerin ya rusa zancen makirci, don ga nasu na gida an haɗa da shi. Kuma ƙwace aikin mutum saboda launin da ya zaɓa zalunci ne ko da mutumin kansa azzalumi ne.

Akwai zargin da ya shafe mu kai tsaye, wanda masu yabon Hitila a cikinmu ba sa kawowa. A bangon Munich an rubuta cewa waɗannan masu zane sun mai da baƙar fata abin koyi, kuma wannan shi ne shaidar lalacewarsu. Gaskiya ne sun koya daga Afirka. Kirchner da abokansa sun yi ta zirga-zirga a gidan adana kayan al'ummomi na Dresden suna nazarin sassaƙar Kamaru da ta tsibiran Pasifik. Carl Einstein ya fitar da littafi a 1915 wanda ya ɗauki sassaƙar Afirka a matsayin fasaha cikakkiya. Tun kafin nan, masanin gidan tarihin Berlin Felix von Luschan ya sayi ɗaruruwan tagullar Benin da Ingilishi suka wawashe a 1897, ya kuma shaida cewa zubinsu ya kai na gwanayen Turai. Ina da ƙorafina a kan waɗannan masu zane: yawancin kayan da suka koya daga gare su mulkin mallaka ne ya kwaso, kuma ba su damu da sanin sunan masassaƙin ba. Amma wannan ba shi ne ƙorafin 'yan Nazi ba. Su a wurinsu, koyo daga baƙin mutum shi kansa ƙazanta ne. A cikin shekarar nan ta 1937 suka tattara ɗaruruwan yara a Rhineland, 'ya'yan matan Jamus da sojojin Afirka na rundunar Faransa, suka yi musu aikin hana haihuwa a ɓoye. A Yunin 1940 kuma, a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus suka ware baƙaƙen fursunoni na rundunar Afirka ta Yamma suka bindige su. Bahaushen da ya ce Hitila ya yi gaskiya a kan zane ya san cewa wannan na cikin gaskiyar da yake sa wa hannu.

Ɗakin farko na baje kolin an keɓe shi ne ga zargin izgili da addini, an kuma zargi masu zanen da lalata tarbiyya. A bakin matakala aka kafa sassaƙar Ludwig Gies ta Almasihu a kan gicciye, bisa imanin Kiristoci, jiki a ƙanjame cikin azaba. Ba su gaya wa masu kallo cewa an taɓa rataye ta a babban cocin Lübeck da nufin tunawa da mamatan yaƙi ba, ba su kuma ce nuna wannan azaba tsohuwar al'adar Jamus ce tun zanen Grünewald na farkon ƙarni na 16 ba. Su waye ma masu kare addinin? Ranar 1 ga Yuli, kwana 18 kafin buɗe ƙofa, suka kama Fasto Martin Niemöller, bai sake samun 'yanci ba sai 1945. A Maris na shekarar Paparoma ya aika wasiƙar da aka karanta a coci-cocin Katolika na Jamus yana kukan yadda ake take musu haƙƙi. A Yunin 1938 aka rushe babban wurin ibadar Yahudawa na Munich da umarnin Hitila. Maganar tarbiyya kuwa, shi Ziegler ɗin da ya buɗe baje kolin ya yi suna ne da zana mata tsirara, kuma zanensa na mata huɗu a tuɓe shi ne Hitila ya rataye a bisa murhu a ofishinsa na Munich. Kura ce ke ce wa kare maye.

Sun yi alfahari da cewa jama'a sun yanke hukunci, don mutum sama da miliyan 2 suka shiga kallo daga Yuli zuwa ƙarshen Nuwamba. Wasu masu kare masu zanen kuma suna juya wannan adadi su ce ai ƙauna ce ta kawo mutane, tunda ya ninka na baje kolin gwamnati sau uku ko fiye. Ni ban yarda da ɗaya daga cikin biyun ba. Shiga kyauta ce, an hana yara shiga don a ƙara wa abin ɗanɗanon haramun, an riga an rubuta wa mai kallo abin da zai ji a bango, kuma a ƙasar da ake kama mutum kan magana babu mai tsayawa gaban zane ya ce ya burge shi. Lalle akwai masu dariya, lalle akwai waɗanda suka zo yin bankwana. Taron da aka hana shi magana ba a fitar da hukunci daga yawansa. Beckmann dai ya gane saƙon: washegarin jawabin Hitila ya kama jirgin ƙasa zuwa Amsterdam, bai sake taka ƙasar Jamus ba har ya rasu a New York a 1950.

Saura batun kuɗi. A gefen zane da yawa an rubuta farashin da gidan adanawa ya biya, tare da tunatar da mai kallo cewa harajin talakan Jamus ne aka ɓarnatar. Ba a ce masa da yawansu an saye su ne lokacin da kuɗin ƙasar ya zama takarda ba, lokacin da a Nuwamban 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2. A wannan zamani ko burodi farashinsa na da sifili tara.

In da gaske shara ce, me ya sa ba su zubar ba? Bayan Munich aka ci gaba da kwasa har adadin ya haura 16,000 daga gidajen adanawa kusan 100. Ranar 31 ga Mayu, 1938, aka yi dokar da ta halatta ƙwacen ba tare da diyya ba, aka naɗa dillalai huɗu su sayar a waje su kawo kuɗin ƙetare, wanda gwamnati ke matuƙar nema saboda shirin yaƙi. Ranar 30 ga Yuni, 1939, wata biyu kafin a shiga Polan, aka yi gwanjon ayyuka kusan 125 a Lucerne ta Suwizalan. Zanen da Van Gogh ya yi wa kansa, wanda aka cire daga Munich, ya tashi a kan faran 175,000 na Suwizalan, yanzu yana Jami'ar Harvard a Amurka. Birnin Liège na Beljiyam ya sayi Picasso da Gauguin, Basel ta sayi Marc da Chagall. Göring ya ɗauke wani Van Gogh ɗin, hoton Dokta Gachet, daga gidan adanawa na Frankfurt ya sayar don amfanin kansa, kuma a 1990 an yi gwanjonsa a kan dala miliyan 82.5. Daraktocin gidajen adanawa da aka zarga da ɓarna sun saya wa talakan Jamus dukiya da araha. Masu zarginsu ne suka kwashe ta suka sayar.

Kuma lissafin bai rufe ba. Ɗaya daga cikin dillalan huɗu shi ne Hildebrand Gurlitt. A 2012 jami'an kwastan suka shiga gidan ɗansa Cornelius a Munich suka tarar da ayyuka sama da 1,200, ciki har da na Dix da Beckmann da Marc da Chagall. Da ya rasu a 2014 ya bar tarin ga gidan adana zane na Bern. Bayan shekaru ana bincike, 'yan kaɗan ne aka tabbatar an ƙwace su daga iyalan Yahudawa aka mayar wa magada. Waɗanda aka kwashe daga gidajen adanawa na gwamnati kuwa ba su da hanyar komawa ta kotu, domin dokar 31 ga Mayu, 1938, ba a taɓa soke ta ba, ko a hannun ƙasashen da suka ci yaƙi ko a majalisar Jamus ta bayansu, kuma cinikin da aka yi a ƙarƙashinta har yau ana ɗaukarsa halattacce.